Tsohuwar motar tsere ta roba a cikin kwali: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake gane darajarta

Muna yara a Birnin Kebbi, motar kara da ta langa-langa muka sani, mu yanko tsohon silifa mu yi mata taya. Ranar da kawuna ya dawo daga karatu a Ingila ya miƙo mini wani kwali mai hoton motar tsere, na buɗe na tarar ba mota a ciki sai ƙananan sassa manne a jikin rassan roba, tun ranar ban rabu da wannan harka ba. Yanzu mutane daga Argungu da Jega da Yawuri, har da Gusau, sukan turo mini hoto ta WhatsApp: an tsinci kwali cikin kayan wani marigayi, ko an gan shi a tarin kayan gwanjo da suka shigo daga Kwatano. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda.

Malam, wannan ba abin wasan yara ba ne kawai?

A'a. Samfurin mota ne da ake sayarwa a wargaje, mai saye ya yanko sassan daga rassansu, ya manna da gam, ya yi fenti, ya liƙa sitika, wadda ake tsomawa a ruwa ta zame daga takardarta. Ana narka roba mai tauri da ake kira folistarin, a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, ta fito da siffar kowane sashe. Wasu kwalayen sassansu ba su wuce talatin ba, wasu kuma ɗaruruwa ne, har fistin da wayar fulogi da sifirin. Manya ne suka fi sayensu, kuma akwai masu tara su a Japan da Turai da Amurka waɗanda ba haɗawa suke yi ba, ajiyewa suke yi kamar yadda wani ke tara tsofaffin kuɗi.

Me ake nufi da 1/12 ko 1/20 ko 1/24 da ke jikin kwalin?

Ma'auni ne. 1/12 na nufin an rage motar gaske sau goma sha biyu, don haka mota mai tsawon mita 4 za ta fito kusan santimita 33. A 1/20 za ta zama santimita 20. Idan lambar ƙasa ta yi ƙanƙanta, samfurin ya fi girma, sassansa sun fi yawa, kuma galibi ya fi tsada tun yana sabo.

An rubuta 1967 a jikin nawa. Ke nan a 1967 aka yi shi?

Nan ne mafi yawan mutane ke ruɗuwa, kuma nan ne darajar kayan take ko ta tashi ko ta faɗi. Shekarar da ka gani a jikin reshen roba, ko a gindin motar, yawanci shekarar da aka sassaƙa mazubin ce. Mazubin ƙarfe kuwa yana daɗewa. Kamfani na iya ajiye shi shekara ashirin, ya ɗauko ya sake zubi, sassan su fito da tsohuwar shekarar a jikinsu. Mai buga bulo da ya gaji mazubi daga mahaifinsa, bulon da ya buga jiya ba tsohon bulo ba ne.

Ga misali. Kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda ya fara da sana'ar katako a 1946, ya fitar da motarsa ta farko a jerin manyan samfura na 1/12 a 1967, wato Honda RA273. Daga baya an sake zuba ta ba sau ɗaya ba. Mai neman zubin farko ba zai biya kuɗin zubin farko a kan zubin baya ba, ko da sassan sun yi kama kamar an tsaga kara.

Saboda haka kwali da takardun ciki su ne shaidu, ba robar ba. Juya kwalin ka duba kowane gefe. In ka ga layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti don karanta farashi, to ba kayan shekarun 1960 ba ne, don a lokacin ba a fara buga su a jikin kaya ba. Sai a 1974 aka fara amfani da su a Amurka, Japan kuma ta biyo baya a 1978. In akwai adireshin intanet, magana ta ƙare, kayan kwanan nan ne. Duba kuma ƙasar da aka ce an yi shi. Tamiya da aka rubuta an yi a Filifin ba zai gabaci tsakiyar shekarun 1990 ba, lokacin da suka buɗe masana'anta a Cebu. Kwalin da ya ce Jamus ta Yamma kuwa ya gabaci haɗewar Jamus a 1990.

Akwai wata alama a ciki. Da yawa daga samfuran Japan na shekarun 1960 an yi su ne da ƙaramin injin lantarki da gidan batir, don motar ta yi tafiya. A zubin baya aka cire wannan, wani lokaci aka ƙara wani siririn faranti na ƙarfe mai ɗauke da ƙananan sassa. In ka tarar da injin lantarki a ƙulle cikin 'yar ledarsa, alama ce mai kyau. Sannan ka rubuta lambar kayan da ke gefen kwali ka nema a shafin Scalemates, inda ake jera kowane zubi da hoton kwalinsa shekara bayan shekara. Ka kwatanta naka da na hoton, har launin rubutu da inda tambari yake.

Waɗanne kamfanoni ne ake nema?

Tamiya ne kan gaba a motocin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya: Lotus 49 da Lotus 72D da Ferrari 312B da McLaren M23, da kuma Tyrrell P34 mai taya shida, wadda ta gaske ta ci tseren Siwidin a 1976 a hannun Jody Scheckter. Da wannan mai taya shidan suka buɗe jerin 1/20 a 1977. A Ingila akwai Merit, wanda ya yi motocin tsere na 1/24 a shekarun 1950 irin su Vanwall da Maserati 250F, akwai Airfix da babbar Bentley ɗinsa ta 1/12, akwai Matchbox da ƙananansa na 1/32 a shekarun 1970. A Italiya akwai Protar, wanda tsohon ɗan tseren babur Tarquinio Provini ya kafa, sai Pocher mai manyan samfura na 1/8 da ke haɗa roba da ƙarfe da ƙananan noti, wanda ya fara da Fiat ɗin da ta ci tseren Faransa na 1907. Heller na Faransa ne, Revell da Monogram da AMT da MPC kuma na Amurka.

Amma suna kaɗai ba ya sayar da kaya. Mazubai suna sauya hannu: na Protar sun koma hannun Italeri, na Matchbox sun koma Revell. Mota ɗaya na iya fitowa a kwali uku da sunan kamfani uku, kuma farashinsu ba ɗaya ba.

Na ji an ce sitikar taba tana ƙara daraja. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma hanya ce ta gane shekaru. Daga 1968, lokacin da Lotus ta fito da launin tabar Gold Leaf, kamfanonin taba sun mamaye jikin motocin tsere. Lotus 72D da Emerson Fittipaldi ya ci kambun duniya da ita a 1972 baƙa ce da zanen zinariya na John Player Special. McLaren ta yi shekaru da ja da farin Marlboro. Da dokokin hana tallar taba suka tsananta, masu yin samfura suka daina buga waɗannan sunaye a takardar sitika. Don haka in takardarka na ɗauke da sunan tabar cikakke, ta tsohon zubi ce, kuma masu son motar ta fito yadda aka gan ta a filin tsere suna nemanta. Sai dai ka lura, akwai ƙananan kamfanoni da ke buga irin wannan sitika daban su sayar, wani na iya saya ya jefa cikin sabon kwali. Ta asali tana ɗauke da sunan kamfanin da lambar kayan a gefenta.

Ledojin ciki a rufe suke. In farke don in ƙirga?

Don Allah kada ka farke. Ledar da kamfani ya rufe ita ce hujjarka cewa babu abin da ya ɓata. Da ka farke ta, sai mai saye ya dogara da maganarka, kuma zai rage kuɗi. Ɗaga ledar ka haska ta da fitilar waya, ana ganin komai. Haka in kwalin kansa yana naɗe da ledarsa ta waje, bar shi yadda yake. Amma ka sani ana iya sake naɗe kwali da sabuwar leda, don haka kwali mai goge-goge da tsagewa a ƙarƙashin leda mai sheƙi abin tuhuma ne.

An riga an buɗe. Yaya zan san ko sassan sun cika?

Shimfiɗa farin zane a ƙasa, ka rufe ƙofa, ka kashe fanka, yara su fita. Takardar bayanin haɗawa galibi tana da zanen kowane reshe da harafinsa, A, B, C, da lambar kowane sashe. Bi su ɗaya bayan ɗaya. In ka ga gurbi, duba kusurwoyin kwali da cikin ninkin takarda, don sassa kan karye su faɗo da kansu saboda jijjiga. Sashen da ya faɗo ba ɓata ba ne, ka sa shi a 'yar leda ka rubuta lambarsa.

Waɗanda suka fi ɓacewa su ne madubin gefe, sitiyari, gilashin gaba, ƙananan sukurori da sifirin, da siraran bututun roba na injin. Ba duka rashi ne ɗaya ba. Ƙaramin bututu ana iya maye shi da waya. Gilashi ko gangar jiki ko taya in babu, kayan ya zama na cire-cire, wato wanda ake saya don a cike wani.

Tayoyin sun manne da jikin motar, wurin ya lotsa kamar an ɗora garwashi. Me ya faru?

Wannan ciwo ne sananne na tsofaffin samfura. Tayar ana yinta da roba mai laushi, kuma sinadarin da ke sa ta laushi yana tsatsowa a hankali. In ya taɓa roba mai tauri sai ya narka ta, ya bar zanen tayar a jiki. Zafi yana gaggauta abin, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40 a inuwa, balle a ƙarƙashin kwanon rufi.

Ya taɓa faruwa da ni. Na ajiye wata Lotus a saman kabad a ɗakin da ba shi da silin, na yi tafiya tun daga ƙarshen hunturu har faɗuwar damina. Da na dawo na tarar taya ɗaya ta kwanta a kan gilashin, ta ci shi har ya huje. Na yi kwanaki ina jin zafin abin, don kyauta ce daga mutumin da ba ya raye. In lotsawar a gangar jiki take, gwani na iya cikewa ya goge ya yi fenti. A gilashi babu magani. Yau ɗin nan, in tayoyinka a sake suke cikin kwali, ka naɗe su da farar takarda ka ware su gefe guda.

Ka kuma ɗora gangar jikin a kan tebur mai santsi ka gani ko ta zauna daidai. Roba da aka danne da nauyi cikin zafi tana karkacewa. Duba sassan masu ƙyalli kamar azurfa ko sun dushe ko sun ɓare. In akwai gidan batir, duba tsatsa.

Takardar sitika ta yi rawaya. Ta lalace ke nan?

Rawaya kaɗai ba mutuwa ba ce. Abin tsoro shi ne tsagewa da laima. Karkata takardar a gaban haske: in ka ga ƙananan tsage-tsage kamar ƙasar fadama da rani, da an tsoma ta a ruwa za ta wargaje. In kuma laimar damina ta shige ta, gam ɗin ya riga ya kama takardar, ko siririyar takardar da ke rufe da ita ta manne, sitikar ba za ta zame ba. Kada ka gwada ta da ruwa in sayarwa za ka yi. Ɗauki hotonta kusa-kusa, mai saye ya yanke hukunci da idonsa.

Gara ta ci gefen kwalin, amma kayan ciki lafiya lau. Da sauran daraja?

Da saura, amma ka rasa rabin kasuwa. Masu saye iri biyu ne. Mai tarawa kwalin yake so, da zanen da ke kansa, da kusurwoyi a tsaye, ba tabon ruwa ba dushewar rana. Mai haɗawa kuwa cikin yake so, kwalin ko oho. Naka yanzu na mai haɗawa ne. Kada ka liƙe shi da salatif, gam ɗinsa yana shiga takarda ya bar tabon da ba ya fita. Kada kuma ka goge tsohon farashin kanti da ke manne, wani lokaci shi ne ke nuna inda aka sayar da kayan da zamaninsa.

Mahaifinmu ya fara haɗawa bai gama ba. Wani kuma an gama shi tsaf.

Wanda aka fara, darajarsa ta sauka sosai, musamman in da gam irin na da aka yi, wanda ke narka robar ya haɗe ta har abada. Wanda aka gama, sai in aikin gwani ne na gaske, ko samfurin ya yi ƙaranci ƙwarai, sannan zai yi kuɗin kirki. Ni dai shawarata, wanda hannun mahaifinku ya haɗa ku goge masa ƙura da burushi mai laushi ku sa shi a gilashi. Abin da za a ba ku a kansa ba zai kai abin da yake a wurinku ba.

To, Malam, nawa kuɗinai?

Ita ce tambayar da kowa ke fara yi, ni kuma nakan bar ta ƙarshe, don ba ta amsuwa sai an san zubi, an san cika, an san lafiya. In ka san waɗannan ukun, shiga eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, ka rubuta sunan kamfani da sunan mota da ma'auni da lambar kaya. Kada ka tsaya a farashin da masu sayarwa suka sa. Kowa na iya yi wa rago kuɗin bijimi a kasuwa, ciniki shi ne abin da aka sallama. Akwai wurin da za ka danna ya nuna maka waɗanda aka riga aka sayar kawai. Su za ka duba. Nemi guda biyar ko fiye masu kwali irin naka da lafiya irin ta naka, ka watsar da mafi tsada da mafi araha, abin da ya rage a tsakiya shi ne kimar kayanka a can. Ga kayan Japan, gwanjon Yahoo na Japan ma ma'auni ne mai kyau.

Kalmar "ba a samunsa" da masu talla ke rubutawa kada ta ɗauke maka hankali. Ƙarancin abu daban, nemansa daban. Akwai samfurin da ba a buga da yawa ba amma babu mai so, akwai wanda aka buga dubbai amma kullum ana rububinsa saboda direban da ya tuƙa motar. Sannan farashi na iya faɗuwa dare ɗaya in kamfani ya sanar zai sake zubi, don masu haɗawa za su koma ga sabo mai sabuwar sitika, a bar masu tarawa kaɗai a kan tsohon.

Bayan haka sai ka cire kuɗin aikawa, da kason da shafin ke ɗauka, da asarar canji. Kwalin 1/12 babba ne, kuma kamfanonin aika kaya suna lissafi da girman kwali, ba nauyi kaɗai ba. Sau da yawa samfurin 1/24 na zubin baya, in aka yi wannan lissafi daga Kebbi, ba abin da zai rage.

Cikin kayan gado muka same shi. Yaya za mu yi?

Ku sa shi cikin lissafi kamar sauran dukiya, kada wani ya ɗauke a kan cewa tarkacen yara ne, kada kuma a hana rabo ana jiran miliyoyin da wani ya gani a waya. A yi binciken da na bayyana a gaban magada biyu ko uku, a nuna wa mai rabon hotunan cinikin da aka riga aka yi. In ɗaya daga cikinku yana so, a yi masa kima da abin da zai rage bayan kuɗin aikawa, a cire daga kasonsa.

A ina zan sayar, kuma yaya zan kauce wa 'yan damfara?

A nan gida masu saye kaɗan ne, sai Legas da Abuja ake ɗan samu. Mafi sauƙi shi ne ɗan'uwa amintacce da ke zaune a waje ya tafi da shi in ya zo hutu, ya sayar a can. Ɗauki hoton fuska shida na kwalin, da kowane reshe, da sitika, da tayoyi, da duk wani aibi. Faɗi aibin da bakinka kafin a tambaye ka. Kada ka saki kaya don an turo maka hoton shaidar biya, sai ka ga kuɗin a asusunka. Wani dillali ya taɓa kallon kwalin wani abokina ya ce shara ce, amma zai taimaka ya karɓa, washegari ya sake dawowa, jibi ma ya dawo. Mai zarya uku a kan shara ya san abin da ya gani.

Kafin in yanke shawara, yaya zan adana shi?

Ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da kwano da taga, ba a ƙasa ba saboda gara da ruwa. Adakar ƙarfe ko robar ajiya mai murfi ta fi, saboda ɓera da kyankyaso da ƙurar hunturu. Kada ka ɗora masa nauyi. Kada ka bar shi a bayan mota ko na awa ɗaya da rana. In ba a cikin rufaffiyar leda take ba, cire takardar sitika ka sa ta a leda mai zif tare da 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka kwantar da ita a tsakiyar babban littafi. Kada ka fesa maganin sauro ko turare kusa da shi, kada ka goge robar da fetur ko tina, suna cin ta nan take. Ka riƙa buɗewa kana dubawa a farkon damina da ƙarshenta.

Ɗana yana so ya haɗa shi. In ba shi?

In binciken ya nuna zubin baya ne, ko kwalin ya riga ya lalace, ba shi, ka zauna tare da shi. Ku yanke sassa da 'yar yankan farce maimakon murɗewa, ku gwada kowane sashe a wurinsa kafin gam, ku sa gam ɗin da tsinken sakace. In kuwa zubin farko ne a rufe cikin ledarsa, nemo masa sabon Tamiya na 1/24 ya fara koyo da shi, wancan kuma a mayar da shi adaka har ya gama na uku ko na huɗu.